Ɗan'uwa, USDT ɗinka tana nan, amma kada ka goge manhajar tukuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka sayi USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, ta dala 200, ka tura ta manhajar ajiya ta Trust Wallet ta layin TRC20, wato layin Tron, ta shiga har ka gan ta, amma duk sanda ka zo turawa sai manhajar ta ce ba ka da isasshen TRX, wato kuɗin layin Tron. Tun jiya kuma adadin ma ya daina fitowa. Sannan wani ya biyo ka ta bayan fage, ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, ka ba shi kalmominka 12 na sirri, waɗanda ake dawo da walet da su, ya gyara maka, kai kuma kana shawarar goge manhajar ka sake sauke ta.

Don Allah kada ka ba shi, kuma kada ka goge. Mutumin nan ɓarawo ne, ba na ko shakka. Babu ma'aikacin walet da zai fara yi maka magana ta bayan fage, babu kuma matsalar da gyaranta yake buƙatar kalmomin nan. Irinsu suna zaune ne a cikin zauruka kamar wannan, suna jiran wanda zai rubuta cewa ya shiga damuwa. Toshe shi, ka turo wa masu kula da zaure hoton saƙonsa don su cire shi.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ka san cewa kuɗinka ba a cikin wayarka suke ba, ba kuma a cikin Trust Wallet ba. Suna rubuce a kan bulokchen na Tron, wato kundin da ke intanet wanda ake rubuta duk shiga da fitar kuɗi a cikinsa, a ƙarƙashin adireshinka. Aikin manhajar biyu ne kawai: ta riƙe maka mabuɗin sirri, ta kuma leƙo ta nuna maka abin da ke adireshin. Idan ta kasa leƙowa saboda raunin intanet ko cunkoso, sai ta nuna maka sifili ko ta yi ta juyawa, alhali ko sisi bai motsa ba. Saboda haka ka bar manhajar a gefe, ka je ka duba da idonka. Shiga wurin karɓar USDT ta Tron a walet ɗinka, ka kwafi adireshin. Zai fara da harafin T, haruffa da lambobi 34 ne. Buɗe Tronscan, shafin da ke nuna abin da ke cikin kowane adireshin Tron, a burauza, ka liƙa shi a wurin bincike. Babu buƙatar ka haɗa walet ɗinka da shafin, babu buƙatar ka shigar da wata kalma. Za ka ga USDT nawa ke ciki, TRX nawa ke ciki, da duk abin da ya taɓa shiga ko ya fita, har da lokacinsa. Idan ka ga 200 ɗinka a nan, magana ta ƙare, matsalar nuni ce kawai. A irin wannan hali sai ka ja fuskar manhajar ƙasa ta sabunta, ka sauya daga data zuwa wayifai ko akasin haka, ka kashe VPN in kana amfani da shi, ka tabbatar agogon wayar yana kan saiti na kai tsaye, ka kuma duba Play Store ko akwai sabon zubi. Yawanci a nan take warwarewa.

Sai maganar TRX, wadda ita ce ainihin abin da ya riƙe ka. Kusan duk sabon shiga sai ya ci karo da ita, domin ba wanda yake gaya wa mutum tun farko. USDT ba ta da layin kanta. Kamfanin Tether ne yake fitar da ita a kan layuka daban-daban, kuma kowane layi da kuɗin da ake biyan aikin turawa da shi. A Tron da TRX ake biya, a BNB Smart Chain da BNB, a Ethereum da ETH, a TON da TON. Kai yanzu ka loda wa mota kaya har sama, amma babu mai a tanki. Kayan naka ne, ba wanda ya taɓa su, sai dai motar ba za ta tashi ba sai ka zuba.

Tron tana da nata tsari da ya kamata ka fahimta, don kada ka ga kamar ana cutarka. Tana lissafa aiki da abubuwa biyu, Bandwidth da Energy, haka za ka gan su a rubuce a Tronscan. Na farkon ana ba kowane adireshi 600 kyauta a kullum, wanda ya isa tura TRX zalla. Tura USDT kuwa sai da Energy, kuma ba a ba da shi kyauta. Idan adireshin da za ka tura wa yana da USDT a ciki, aikin yana cin kusan 65,000. Idan babu komai a ciki, yana ninkawa zuwa kusan 130,000. Wanda ba shi da Energy, sai layin ya ƙona TRX daga walet ɗinsa a madadi. Wannan ne ya sa za ka tura wa mutum ɗaya yau a caje ka kaza, gobe ka tura wa wani a caje ka ninki biyu. Farashin Energy yana sauyawa, domin masu tabbatar da layin suna kaɗa ƙuri'a su rage ko su ƙara, shi ya sa ni ba na barin TRX ɗina ya yi ƙasa da 30. Kada ka saka daidai-wa-daida. Idan TRX ya ƙare a tsakiyar aiki, turawar za ta faɗi, Tronscan ya rubuta "Out of Energy", USDT ta zauna inda take, amma TRX ɗin da aka ƙona ya tafi ke nan.

To ta ina za ka samo shi? Daga kasuwar da ka sayi USDT ɗin. Sayi TRX kaɗan, ka tura shi zuwa wannan adireshin naka mai farawa da T, shi ɗin dai, ba wani daban ba. Ko ka ba wani da ka sani ido da ido naira, ya turo maka. Kada ka yi ƙoƙarin musanya USDT ɗin zuwa TRX a cikin walet, domin musanyar ita ma aiki ce, sai an biya ta da TRX. Akwai manhajojin da suka fara kawo tsarin cire kuɗin aiki daga jikin USDT, akwai kuma masu ba da hayar Energy da rahusa, amma ban ba ka shawarar ka kusanci masu hayar ba a yanzu. Akwai na gaskiya a cikinsu, sai dai shafukan bogi masu kama da su sun yi yawa, kuma abin da za ka rage bai kai haɗarin ba ga mai turawa jifa-jifa.

Yanzu batun gogewa. Sake sauke manhaja ba laifi ba ne, yana ma gyara wasu matsaloli. Amma da zarar ka goge ta, mabuɗin da ke cikin wayar ya tafi, kuma kalmomi 12 ɗin nan ne za su dawo da shi. Kamfanin ba ya ajiye maka su, babu lambar waya ko imel da za a turo maka wata lamba ta kansu kamar yadda banki yake yi. Kafin ka taɓa komai, shiga saitin walet ɗin, ka buɗe kalmomin, ka kwatanta su ɗaya bayan ɗaya da abin da ka rubuta a takarda. Duba jerin, domin ta uku in ta koma ta huɗu an sami matsala. Duba rubutun kowace kalma. Daga wani jeri na kalmomin Turanci 2048 ake ɗebo su, kuma akwai masu kama da juna da harafi ɗaya ne ya raba su. Na taɓa zama da wani maƙwabcina da ya sauya waya, manhaja ta yi ta ƙin karɓar kalmominsa. Takardar tana nan, ya adana ta cikin leda a ƙasan akwati, amma da fensir ya rubuta, cikin sauri, har harafin n da r ba sa bambanta. Muka yi ta bin kalmomin da fitilar waya, muna shigar da haruffan farko muna duba abin da manhajar take kawowa, har Allah ya sa muka gano wadda ta rikice. Gumin da na gani a goshinsa a daren nan ba na fata wa kowa shi. Ka rubuta da biro, da manyan haruffa, ka sa lamba a gaban kowace kalma, ka yi kwafi biyu a wurare biyu.

Kada kuma ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kanka su a WhatsApp, kada ka ajiye su a imel. Waya tana zuwa wurin mai gyara, tana zuwa wurin mai caji idan babu wuta, yara suna ɗauka su yi wasa, hotuna kuma suna hawa intanet da kansu ba tare da ka sani ba. Akwai ma mugayen manhajoji da aikinsu shi ne bin hotunan waya suna neman irin wannan jeri. Idan ka san ka riga ka ɗauki hoton, ko ka taɓa shigar da kalmomin a wani shafi, to wannan walet ɗin ba ta da aminci kuma. Buɗe sabuwa da sabbin kalmomi, ka kwashe komai zuwa can. Sauya lambar buɗe manhaja ba ya hana wanda ya riga ya mallaki kalmomin, domin shi a tasa wayar zai shigar da su.

Mutanenmu da yawa ta hanyar Pi da wasannin danne-danne na Telegram suka shigo harkar nan, irin su Notcoin da Hamster Kombat a 2024, sai muka saba da danna duk mahaɗin da aka turo da haɗa walet da kowane shafi. A lokacin da babu komai a ciki, ba a jin zafin. Yanzu da akwai dala 200, dole hannu ya yi sanyi. Wani shafin ba zai nemi kalmominka ba, amma zai sa ka amince da wani abu, wanda a zahiri izini ne ka ba shi na kwashe USDT ɗinka duk sanda ya so. Walet ɗin ajiya daban, ta wasa daban, haka nake yi.

Akwai tarko biyu da suka fi yawa a Tron, kuma tunda a nan kuɗinka suke, gara ka san su. Na farko: bayan ka yi turawa, sai ka ga wani ɗan ƙaramin abu ya shigo tarihinka, wani lokacin ma sifili, daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi daidai da na wanda ka saba tura wa. Da gangan aka ƙera shi. Fatansu gobe ka kwafi adireshi daga tarihi, ka duba haruffa huɗun farko da na ƙarshe, ka ce shi ne. Kullum ka karɓi adireshi daga mai shi kai tsaye, ka duba har tsakiya. Na biyu: wani zai watsa kalmomi 12 a fili, ya ce akwai dubban daloli a ciki amma bai iya cirewa ba, a taimaka masa. Mai kwaɗayi ya shigar da su, ya ga kuɗin da gaske, ya tura TRX don ya kwashe. Kuɗin ba za su fita ba, domin an riga an mayar da ikon adireshin hannun wani mabuɗi, TRX ɗin da ya tura kuwa shi ne abin da suke nema. Haka nan idan wata sabuwar "USDT" ta faɗo maka daga sama, duba adireshin kwangilarta, wato adireshin da ke tantance ko wane kwabo ne, a Tronscan. Ta gaskiya tana farawa da TR7 ta ƙare da Lj6t. Kowa yana iya ƙirƙirar kwabo ya sa masa wannan suna.

Idan kuwa ka duba Tronscan ba ka ga 200 ɗin ba, koma tarihin cirewa a kasuwar da ka saya, ka duba layin da aka bi da lambar TxID, wato lambar shaidar turawar. Idan adireshin da aka tura wa ya fara da 0x, to ba Tron ba ce, BEP20 ce (layin BNB Smart Chain) ko ERC20 (layin Ethereum), sai ka duba a BscScan ko Etherscan, takwarorin Tronscan na waɗannan layukan. Muddin adireshin naka ne, ba ka yi asara ba, domin adireshin 0x ɗaya ne yake aiki a BEP20 da ERC20. Kunna USDT ta wannan layin a jerin kuɗaɗen walet ɗin za ta fito, sai dai a nan BNB ko ETH za ka nema maimakon TRX. Idan kuma ka ga sun shiga sannan sun fita zuwa adireshin da ba ka sani ba, to wani ya riga ya sami kalmomin ko izini. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya fita a bulokchen ba a juyo da shi kamar tiransifa ta banki. Tether tana iya daskarar da USDT a adireshi idan hukumomin tsaro suka nema, don haka ka adana TxID ka kai ƙara, amma kada ka biya kowa da sunan zai ƙwato maka. Masu wannan alƙawarin su ne zagaye na biyu na damfarar.

Ranar da TRX ya shiga, fara da tura dala 5 ka ga ta isa, sannan ka tura sauran, ko da kuɗin aiki zai zama biyu. Idan kasuwa za ka mayar da ita don ka sayar, ka tabbatar layin da ka zaɓa a wurin karɓa TRC20 ne. Idan ka duba Tronscan wani abu ya shige maka duhu, ka ajiye TxID ɗin a nan cikin zaure inda kowa yake gani, ba ta bayan fage ba, za mu duba tare in sha Allah.