Tambaya Da Amsa: Shin Kuromosom A Harɗe Suke Cikin Sel?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah wanga abu ya ɗaure min kai. Cikin littafin bayoloji kuromosom duk an zana su kamar harafin X an jera su biyu-biyu, amma da munka duba sel a laf da maikuroskof ban ga komi ba sai wani dunƙule mai duhu a tsakiya. To ina sunka shiga? A harɗe suke ko mi? Daga ɗaliba 'yar aji ɗaya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi tambayarki ta yi min daɗi don da yawa haddace zanen kawai suke yi su wuce. Wannan siffar ta X ba kya ganinta sai lokacin da sel zai rabu biyu, a nan ne kowane kuromosom, wato dogon zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado, yake naɗe kansa tamau. Sauran lokaci a warware suke cikin wannan dunƙulen da kika gani, wato cibiyar sel, nukiliyos. A sel ɗin mutum kuromosom guda 46 ne, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma da za a miƙe zaren DNA ɗin sel ɗaya tak zai kai kusan mita 2, amma an cusa shi a wajen da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Subhanallah.

An daɗe ana zaton a cakuɗe suke kamar zaren mai ɗinkin hula da yaro ya samu ya yi wasa da shi, ashe ba haka ba ne. Kowane kuromosom da unguwarsa. Ki tuna babbar kasuwarmu, 'yan albasa da layinsu, 'yan fata da nasu, 'yan goro can gefe, ana dai gogar juna a bakin layi amma ba wanda ya baje kayansa a rumfar wani. Tun 1885 Carl Rabl ya yi hasashen haka, Theodor Boveri ya ƙarfafa maganar a 1909, sai dai ba kayan aikin da za a tabbatar, har sai da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Thomas da Christoph Cremer, suka riƙa haska leza, wato siririn haske mai ƙarfi, a ɗan gurbi ɗaya na cibiyar suka ga kuromosom kaɗan ne kawai suka samu rauni, da a harɗe suke ai da kusan duka ya shafa. Daga baya aka samu dabarar rina kowanne da launinsa, kowa ya gani da idonsa.

Kuma rabon unguwannin ba kara zube ba ne. An ba kuromosom lambobi, to na 19 da ke cike da ƙwayoyin gado yakan zauna can ciki, na 18 da girmansu ya yi kusan ɗaya amma nasa ƙwayoyin kaɗan ne, sai ki same shi a jikin bango. Ke kanki, a matsayinki na mace, kuromosom ɗin jinsi da ake kira X guda biyu gare ki, ɗaya an rufe shi ya dunƙule yawanci a gefe, Murray Barr ne ya fara lura da shi a 1949. Amma fa ba kujera ce aka rubuta wa suna ba, sel ɗin hanta da na jini tsarinsu yakan bambanta, ko sel biyu maƙwabta ma ba lallai su zo iri ɗaya sak ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maƙwabtakar nan tana shafar lafiya. Idan zare biyu suka tsinke kusa da juna, wajen gyara sel yana iya ƙulla wannan da wancan bisa kuskure. Akwai sankarar da ke kumbura wa yara muƙamuƙi a ƙasashenmu masu yawan maleriya, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, galibi na 8 da na 14 ne suka yi musayar gutsure, kuma bincike ya nuna waɗannan guraben biyu sukan zauna kusa da juna a irin sel ɗin da cutar ke kamawa. Tana girma da sauri ƙwarai amma tana jin magani idan an kai yaro asibiti da wuri, don haka in kika ga kumburin fuska irin wannan a gida ko a maƙwabta kar ki bari a tsaya shafe-shafe.