Yawan ambaton masani yana nufin ya gano maganin raunin laka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya yi haɗarin mota, ya samu rauni a laka, ƙafafunsa ba sa motsi. Ina cikin neman mafita a intanet na ci karo da shafin wani farfesa a Google Scholar, dandalin da ke tara rubuce-rubucen masana, mai bincike kan hoton ƙwaƙwalwa da farfaɗo da jijiyoyi, an ambaci ayyukansa sau dubbai. Wannan na nufin ya gano magani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Adadin da ka gani yana ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubutun. Kusa da shi akwai ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: idan h ɗin mutum 40 ne, yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Duka biyun shaida ce ta cewa abokan aiki sun amfana da shi. Ba su ce komai a kan ko wani majinyaci ya miƙe ya taka ba.

Kuma fannonin biyu da ka haɗa ba su tara ambato iri ɗaya. Mai ƙirƙiro hanyar ɗaukar hoto kamar maƙerin fitila ne, duk wanda ya haska da ita sai ya kira sunansa. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna a kan ɓeraye cewa yawan iskar oksijin a jini yana sauya hoton MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kuma a kan wannan aka gina hoton da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. A 1994 Peter Basser da abokan aikinsa suka fito da hanyar bin motsin ruwa a cikin nama don gano inda zaren jijiyoyi ya bi. Waɗannan ayyuka sun cancanci yabon da suka samu, sun sauya yadda ake nazarin ƙwaƙwalwa. Amma gani suke yi, ba gyara ba.

Farfaɗo da jijiya kuwa tafiyar hawainiya ce. Jijiyar hannu ko ta ƙafa idan ta tsinke aka ɗinke ta, tana iya tsirowa kamar milimita 1 a rana. Laka da ƙwaƙwalwa ba sa haka, har masanin jijiyoyi Ramón y Cajal ya rubuta a littafinsa da ya fito da Turanci a 1928 cewa hanyoyinsu a jikin babba kafaffu ne. A 1981 Samuel David da Albert Aguayo a Jami'ar McGill ta Kanada suka dasa guntun jijiyar ƙafa tsakanin laka da gindin ƙwaƙwalwar ɓera, sai ga zaren jijiyoyin suna tsirowa a cikinsa. Ashe ikon tsirowar na nan, muhallin ne ke hana su. Daga baya Martin Schwab a Zurich ya gano wani sinadari a rigar jijiya da ke taka wa tsiron burki, wanda aka raɗa wa suna Nogo. A ganina wannan shi ne tasiri na gaske, domin sun sauya tambayar da kowa ke yi. Duk da haka, sama da shekara 40 bayan aikin Aguayo, babu wani magani da hukumomi suka amince da shi mai sake haɗa lakar ɗan Adam da ta tsinke. Na faɗa maka wannan kai tsaye don kada wani ya ci kuɗinku da alkawarin da bai iya cikawa, musamman masu tallar allurar ƙwayoyin asali (stem cells).

Idan ka koma shafin, buɗe maƙalu biyar na sama. Duba ko a kan ɓera aka yi ko a kan mutum, ko wasu da ba ɗalibansa ba sun maimaita gwajin sun samu sakamako ɗaya, ko an kwatanta waɗanda aka ba maganin da waɗanda ba a ba su ba. Ka kuma yi hattara da hoto mai launuka da ake cewa ya nuna jijiya ta tsiro: hoton bin ruwa shi kaɗai ba ya iya bambance sabon tsiro da zaren da dama bai tsinke ba.

Ka tambayi likitan ƙaninka ko raunin cikakke ne ko akwai sauran ji ko motsi a ƙasa da wurin, domin wannan ne ke nuna irin sauƙin da za a sa rai. A yanzu ku riƙe gashin ƙashi da motsa jiki, juya shi a kai a kai saboda gyambon kwanciya, da kula da mafitsara.