Ku Tambayi Likita: Fita Waje Karatun Lafiyar Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, bana na ci bak D, wato jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, kuma burina in zama likitar yara. Kawuna ya ce zai ɗauki nauyin karatuna a waje, amma ƙarfinsa bai kai Turai ba. Wasu na ce mini Dakar, wasu Sakkwato ko Kano, wasu kuma sun ce in zauna gida. Ina ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu, barka da arziki. Abu na farko da ya kamata kawu ya ji kafin ya buɗe baki da alkawari shi ne tsawon tafiyar. Ba a fita daga bak a faɗa karatun likitan yara kai tsaye. Sai an zama likita tukuna, shekara 7 zuwa 8 a ƙasashen da ke karatu da Faransanci, sannan a shiga ƙwarewa, wadda ake kira DES, wata shekara 4. Matakin farko kuwa akwai shi a ƙofar gidanku, domin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da tsangayar lafiya, haka ma Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Da shawararmu za a bi, da kin yi na farkon a gida, kuɗin kawu ya jira lokacin ƙwarewa. Ɗaliban da suka fi wahala su ne waɗanda kuɗi ya yanke musu a shekara ta huɗu: ba digiri, ba sana'a, kuma komawa wata jami'a ba ya nufin za a lissafa musu shekarun baya.

Kada rashin zuwa Turai ya sosa miki rai. Abin da ke kwantar da yaranmu daga Yuli zuwa Oktoba shi ne zazzaɓin cizon sauro haɗe da tamowa, sai zawo, ciwon haƙarƙari, ƙyanda da amosanin jini. Ɗalibin Faransa yana iya gama karatu bai taɓa danna ƙafar yaro mai kumburi ba. Ke kuwa dole hannunki ya saba: ki danna bayan ƙafafun duka biyu da babban yatsa, ki ƙirga daƙiƙa 3, ki ɗaga, in rami ya zauna, tamowa ce mai tsanani, ko da yaron ya yi ɓul-ɓul a ido. Dole ki iya awon dantse, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, igiyar ba a matse ba: ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani, 115 zuwa 125 rawaya, wato matsakaiciya. Kuma dole ki san dalilin da ya sa ba a gaggawar ɗura wa irin wannan yaro ruwa ta jijiya. Zuciyarsa ta raunana, ruwan yana iya cika masa huhu cikin awa guda. Shi ya sa ake farawa da madarar F-75, mililita 130 a kowane kilo a yini, ana rabawa duk awa 2 ko 3 har da dare, kuma ba a ba shi maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai ya fara cin abinci da kyau yana ƙara nauyi. Wannan ba a koyon sa a allo, sai a ɗakin kwanciya ƙarfe uku na dare.

Don haka ki auna kowace makaranta da asibitinta. Dakar tana da Jami'ar Cheikh Anta Diop da asibitin yara na Albert Royer, sunanta ya daɗe a fannin, harshe ɗaya, kuɗi ma sefa ce, ba ruwanki da canji. Illarta tsadar haya, sannan uwa a bakin gado Wolof za ta yi miki, sai kin koya. Sakkwato, Kano da Zariya sun fi kusa, cututtukan namu ne sak, kuma za ki tambayi uwar yaro da Hausa ba tafinta, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma karatun da Turanci ne, shekara 6 da shekara guda ta aikin koyo a asibiti, sai kin bi ƙa'idar hukumar JAMB, kuma yajin aikin malamai ya sha tsawaita shekarun. Maroko da Aljeriya suna ba da guraben burs, wato tallafin karatu. Ki bi sanarwar ANAB, hukumar burs ta Nijar, tun da wuri, don wa'adin gajere ne.

Takardu su ne ramin da aka fi faɗawa. Kafin a biya ko dala, ki tabbatar CAMES, hukumar tantance digirorin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da digirin, ko kuma ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ce za ta daidaita shi in kin dawo. Makarantun kuɗi sun yi yawa a yankin, wasu ginin kamar otal, amma ba su da asibitin koyarwa, ɗalibai na yawon neman sitaj, wato aikin koyo a asibiti, da kansu. Ki tambayi ɗalibin shekara ta biyar, ba mai talla ba: ɗalibi nawa ne a kan gado ɗaya, gardi, wato aikin kwana a asibiti, nawa ake yi a wata. Ki tanadi fasfo, katin rigakafin ciwon shawara mai launin rawaya, da kwafin bak da sakamakon jarrabawa masu hatimi. Allurar ciwon hanta nau'in B, guda 3 cikin wata 6, ki fara ta tun yanzu, tunda za ki yi ta mu'amala da allura da jini.

Tambaya: Malamai, ni ma'aikacin jinya ne a wata likitar ƙauye wajen Madarumfa, shekarata 6 a aiki. Na ga tallar kwas na wata 3 kan abincin yara a wata ƙasa, kuɗinsa ya kusa albashina na shekara. In je?

Amsa: Malam, a'a, sai dai in wata ƙungiya ce za ta biya. Shaidar halarta ta wata 3 ba ta ƙara maka girma a aikin gwamnati, kuma abin da za a koya maka, Maraɗi ce makarantarsa. Tun yunwar 2005, lokacin da aka yi wa dubban yara magani a gida da Plumpy'Nut, ɗan ƙunshin abincin gyaɗa mai giram 92 da kalori 500, likitocin duniya ke zuwa nan su koya. Nemi a tura ka CRENI, sashen kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, na wata biyu a tsakiyar damina, za ka ga abin da kwas ba zai nuna maka ba. In digiri kake so mai amfani, ka tara kuɗin ka nufi mastar lafiyar jama'a ko ta abinci mai gina jiki. Cibiyar lafiyar jama'a ta IRSP da ke Wida a Benin tana yin su, shekara 2. Sai dai ka samu izinin tafiya karatu a rubuce daga ma'aikatar lafiya kafin ka bar aiki, in ba haka ba albashi zai tsaya, kuma digirin ba lallai ne a lissafa maka shi ba in ka dawo.