Ɗana ba ya son littafi sai waya, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji uku na firamare, amma da ƙyar yake haɗa baƙi. In na miƙa masa littafi sai hamma, in ya ga wayata kuwa har kuka yake yi. Ko wayar nan za ta iya sa ya so karatu? Tecno ce, kuma data na yi mini tsada. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Tunda wayar yake so, sai mu zuba masa littafin a cikinta. Ki shiga Play Store ki sauke manhajar African Storybook Reader. Wata ƙungiya ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta tara gajerun labarai masu hotuna a harsunan Afirka, har da Hausa, kuma kyauta ne. An kasa su mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 5. Ki fara masa da na 1 ko da kina ganin ya wuce nan, don yaron da ya kai ƙarshen labari da kansa shi ke cewa a ƙaro wani. Kuma ki fara da na Hausa. Harshen da yake ji ne, wahalarsa ɗaya ce kawai, ta haɗa baƙi.

Batun data, sau ɗaya za ki sauke labaran, daga nan ko babu intanet za su buɗe.

Sai dai yaran yanzu, kina juya baya ya koma YouTube. Maganinsa na cikin wayarki. Ki shiga Settings, wajen Security, ki nemi App pinning, wasu wayoyin suna rubuta Screen pinning. In kin kunna kika maƙale manhajar karatun, ba zai iya fita ba sai da lambar sirrinki, muddin kin zaɓi a riƙa tambayar ta. Ki kashe data ma, kada saƙonnin WhatsApp su dame ku.

Na ce "ku" ne da gangan. Ki zauna da shi ko minti goma sha biyar ne bayan sallar isha'i, ki karanta shafi ya karanta shafi. Ni dai a son raina, labarin da ya fi ƙauna ki sauke shi daga shafin intanet na African Storybook, a buga miki a takarda a shagon kwamfuta, ya zama nasa na kansa.

Tambaya: Malam, an ce akwai manhajar da ke sauraron yaro in yana karatu tana yi masa gyara. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Gaskiya ne Alhaji, sunanta Read Along, ta kamfanin Google. A Indiya ta fara fita a 2019 da sunan Bolo. Akwai wata 'yar yarinya ta zane a ciki, Diya, da ke faɗa wa yaro kalmar da ta gagare shi, in ya yi daidai ya samu taurari. Ita ma tana aiki ba intanet bayan an sauke labaran. Tana da Turanci da Larabci, amma ba ta jin Hausa, kuma in akwai hayaniya a tsakar gida sai ta riƙa kuskuren ji. A shiga ɗaki da shi, a kashe rediyo.