Hotunan dina suna fita da duhu: in sauya kyamara ko in dakata?

Wani mai sana'ar ɗaukar hoto a birnin Katsina ya aiko da tambaya. Yana aiki da kyamarar Canon 700D da gilashin 18-55 da ya zo tare da ita, kuma hotunan rana, na ɗaurin aure ko na hawan sallah a Ƙofar Soro, suna fita tas. Matsalarsa ita ce dina da kamu da ake yi da dare a zaurukan biki, inda hotuna ke fitowa da tsaki-tsaki, wasu kuma dishi-dishi. Kwasar adashinsa ta kusa, yana so ya sayar da kyamarar ya cika kuɗi ya sayi mai babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, shi ne yake neman shawara.

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Shawarata ita ce kada kuɗin adashin nan su fara tafiya wajen jikin kyamara, domin ba nan ne mafi yawan haskenka yake salwanta ba. Gaskiya ne cewa babbar sensa tana da amfani: girmanta milimita 36 ne a kan 24, taka kuwa 22.3 ce a kan 14.9, wato girman filin waccan ya ninka na taka sau biyu da rabi da 'yan kai, don haka tana tara haske fiye da taka, kuma tsaki-tsakin da ke bayyana idan ka ɗaga ISO, wato ma'aunin da ake ƙarawa don hoto ya yi haske a duhu, yana raguwa. Amma dubi gilashinka. Idan ka jawo shi zuwa 55 don ka kusanto da fuskar amarya, iyakar buɗewar ƙofar haskensa f/5.6 ce (ƙaramar lamba tana nufin babbar buɗewa), alhali gilashin Canon na 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha da kamfanin yake yi, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ka ga ke nan ƙaramin kuɗi zai sayo maka ninki goma, babban kuɗi kuma zai sayo maka ƙasa da ninki uku.

Wannan gilashi ma yana da iyakarsa. A kan kyamararka yana matse hoto, sai ka ja da baya sosai kafin ka haɗa mutum huɗu, kuma idan ka buɗe shi gaba ɗaya, wanda ke sahun gaba zai fito sarai, na bayansa ya dusashe. Hoton dangi da ƙawayen amarya yana buƙatar ka rage buɗewar zuwa f/4 ko f/5.6, a nan kuwa babu abin da zai cece ka sai fitilar filash mai juya kai, wadda za ka harba wa silin fari hasken ya dawo a tausashe. Rawa ma haka take: mai motsi yana buƙatar saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe idan an ɗauki hoto, kamar 1/200 na daƙiƙa, kuma fasahar hana girgizar hannu da 'yan kasuwa ke yawan yabawa a sababbin kyamarori hannunka kawai take daidaitawa, ba ta tsayar da mai rawa. Ka kuma koma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda fitilun ja da shuɗi da masu ƙawata zaure ke kunnawa suna ɓata launin fata, gyaransa kuma ya fi sauƙi a RAW.

Yanzu mu zo kan lissafi, wanda shi ne ainihin tambayarka. Sayen babbar kyamara ba ya tsayawa a kan farashinta. Gilashin 18-55 ɗinka nau'in EF-S ne, wanda aka yi wa kyamarori masu ƙaramar sensa, ba ya hawa kan Canon 6D ko 5D ko kaɗan, kuma ko da ka sa shi a kan Canon R6 ta hanyar adafta, tsakiyar sensar kawai zai yi amfani da ita, wato ka biya kuɗin babba ka koma aiki da ƙarama. Saboda haka ka haɗa kuɗin jikin kyamara da na gilashin da ya dace da ita, da ƙarin batir, da memori, sannan ka tambayi kanka nawa za ka iya ƙarawa a kan kowane aiki ba tare da masu biki sun koma wajen maƙwabcinka ba. A matsayin misali kawai, idan jimillar ta kai naira 600,000, ƙarin da kasuwa za ta ɗauka kuma naira 15,000 ne a kowane biki, sai ka yi biki 40 kafin kuɗinka su dawo. Ka buɗe littafin ayyukanka na bara ka ƙirga na dare zalla, kana tunawa cewa bukukuwa suna cunkushewa ne gab da azumi da bayan sallah, watan Ramadan kuma kusan hutu ne. Idan ayyukan dare na shekara guda ba su rufe kuɗin ba, lokaci bai yi ba tukuna. Abin da na lura da shi shi ne, iyayen amarya ba sa tambayar sunan kyamara, hotunan da suka gani a wayar ƙawa su ne suke kawo su.

Akwai dalili ɗaya da nake ganin ya isa ya sa mai ɗaukar biki ya sauya kyamara, wato gurbin memori biyu, wanda ke ba ka damar ajiye kowane hoto a memori biyu lokaci guda. Taka gurbi ɗaya gare ta, kuma ranar da memori ya lalace babu wanda zai maimaita maka kamu, asarar suna kuwa a gari irin Katsina, inda kowa ya san kowa, ta fi asarar kuɗi ciwo. Canon 6D ta 2012 da 6D Mark II ta 2017 suna da kyau a duhu, amma gurbi ɗaya ne da su. Canon 5D Mark III ta 2012 da R6 ta 2020 suna da biyu, haka Nikon D750 ta 2014 da Sony A7 III ta 2018, sai dai barin Canon yana nufin sake sayen gilasai da filash daga farko.

Idan gwanjo za ka saya, ka tuna cewa araha ba ta ado. Ka sa a duba maka adadin bugun shata, domin an ƙiyasta wa 5D Mark III bugu 150,000, 6D kuma 100,000, kuma kyamarar da ta yi shekaru tana aikin biki tana iya kusantar iyakarta alhali jikinta yana sheƙi. Ka ɗauki hoton farin bango ka duba tabo a sensa, musamman a kyamara marar madubi a gaban sensa, wadda ƙurar hunturu ta fi saurin samun sensarta idan aka cire gilashi. Farashin waɗannan kaya da dala yake tafiya, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka tambayi farashi a makon da za ka biya.

Kada ka sayar da 700D ɗin. Kuɗin da za ta kawo kaɗan ne, amma a matsayin kyamara ta biyu za ta tsaya maka ranar da babbar ta ƙi, kuma yaronka zai iya ɗaukar ɓangaren mata ko na rana da ita, ku karɓi aiki biyu a yini ɗaya. Da wannan kwasar ka sayi gilashin 50mm da filash da batiransa, duka biyun za su bi ka zuwa 5D kai tsaye, R6 kuma gilashin zai hau ta da adafta, sauran kuɗin ka ajiye su daban. Kafin kwasa ta gaba, ka yi hayar babbar kyamara daga wajen wani abokin sana'a na dare ɗaya, ka ɗauki dina guda da kyamarorin biyu, sannan ka nuna wa mai bikin hotunan ba tare da ka gaya masa wanne ne na wacce ba, ka ji ko zai yarda ya ƙara kuɗi a kan bambancin.