Tambaya da Amsa: Me Fenical ya samo a lakar teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna. Malaminmu ya ambaci wani masani mai suna William Fenical, ya ce yana cikin manyan da suka yi fice wajen neman magani a teku. To amma da na bincika ban ga wani maganinsa da ake sayarwa a kemis ba. Ina tasirin nasa yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Binciken da kika yi daidai ne, sai dai kantar kemis ba ita ce ma'aunin aikin wannan bawan Allah ba.

An haifi Fenical a birnin Shikago na Amurka a 1941, kuma tun 1973 yake aiki a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya. Ba shi ya fara leƙa teku don neman magani ba, domin tun a shekarun 1950 wani masani mai suna Werner Bergmann ya fitar da wasu sinadarai daga soson teku, waɗanda suka share fagen samar da maganin sankarar jini da aka amince da shi a 1969. Shi ma Fenical da tsirrai da dabbobin teku ya fara. A 1986 shi da abokan aikinsa suka bayyana wani sinadari mai rage kumburi da suka samu a jikin wani nau'in murjani mai laushi a tsibiran Bahamas, wanda daga baya kamfanin Estée Lauder ya sa shi cikin man shafawa.

Babban aikinsa ya zo ne lokacin da ya karkata ga bakteriya. Yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muke sha sun fito ne daga wani dangi na bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa, irin wadda aka samu maganin tarin fuka na streptomycin daga gare ta a 1943. Su ne ma ke haifar da ƙamshin nan da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka. Bayan an shafe shekaru ana tonon ƙasa, sai ya zamana duk abin da aka tono an riga an san shi, har kamfanoni da dama suka fara janye jiki. A lokacin masana da yawa sun ɗauka cewa irin wannan bakteriya da ake gani a teku ruwa ne kawai ya kwaso ta daga tudu, saboda haka babu wani sabon abu da za ta bayar.

Fenical da abokin aikinsa Paul Jensen suka ƙi yarda da haka. Suka riƙa ɗebo laka daga ƙarƙashin teku a Bahamas suna renon abin da ke cikinta, sai suka tarar da wata bakteriya wadda ba ta girma sai an sa mata ruwan teku, alamar cewa can ne mahaifarta. Ita ce aka raɗa wa suna Salinispora a 2005. Tun a 2003 suka bayyana sinadarin da take samarwa, wanda a matsayin magani ake kira marizomib. Aikinsa shi ne toshe wani injin da ke cikin tantanin jiki mai narkar da furotin da ya lalace, kuma idan injin ya tsaya, shara takan taru har ta shaƙe tantanin sankara.

Nan ne amsar tambayarki take. Marizomib yana iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, abin da magunguna da yawa ba sa iyawa, shi ya sa aka kai shi mataki na uku na gwaji, wato babban gwajin da ake yi kafin a amince da magani, a kan masu wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa sama da 700. Sakamakon ya nuna bai ƙara wa majinyatan tsawon kwana ba. A ganina wannan bai rage wa Fenical komai ba, domin kaɗan ne ƙwarai cikin sinadaran da ake ganowa suke kaiwa wannan mataki, kuma kafin a kai can sai da aka tabbatar cewa za a iya renon bakteriyar teku a manyan tankuna a samu sinadarin da yawa, ba tare da an kwashe dabbobin teku an kashe ba.

Bai tsaya nan ba. A 2013 ɗakin bincikensa ya bayyana anthracimycin, daga bakteriyar da aka samo a gaɓar tekun Kalifoniya, wanda a ɗakin gwaji yake kashe ƙwayar cutar antiraks, wadda ke kama dabbobi da mutane, da wata ƙwayar da ta daina jin magungunan da aka saba. Ɗalibai da dama da suka yi horo a hannunsa yanzu suna da nasu ɗakunan bincike, kuma in kina son bin sawun aikin, ki fara da nazarin yadda ake renon Salinispora da yadda ake tace sinadari daga ruwan renon.