Tambaya da amsa: zoben da ya fito a gindin kwanson harsashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mai bin sawu ne a wani sansanin farauta mai takarda wajen Faro a arewacin Kamaru. Maigidana yana sake cika kwanson harsashin farautar manyan namun daji, wato .375 H&H ɗinsa, to jiya na ga wani farin zobe mai ƙyalli ya zagaye kwanson sama kaɗan da gindi, ɗaya ma ya tsage a nan. Wani maƙeri a Garwa ya ce in kawo ya gasa su a wuta su koma sabbi. Hankalina bai kwanta ba, ni ke tsaye kusa da shi in ɓauna ta taso.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Wannan zoben alama ce bangon kwanson ya sirance daga ciki, saura kaɗan gindin ya rabu. Yawanci ƙarfen da ake matse kwanson da shi kafin a sake cika shi ne aka sauke da yawa, yana tura kafaɗar kwanson (inda ya tsuke kafin wuya) baya fiye da kima, kowane harbi tagullar ta miƙe gaba, a sake matsewa ta sake miƙewa, ita kuma .375 ɗin da ɗamararta (tudun da ya zagaye gindin kwanson) take zama a bindiga, ba da kafaɗa ba, shi ya sa ta fi saurin yin haka. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka ja ta a cikin kwanson, in ta saƙale a wani kwarmi kusa da gindi to ya gama aiki.

Yanzu maganar gasawa, wallahi ita ke ƙona min rai don kullum sai na ji ta. Eh ana ɗumama kwanso, amma wuya da kafaɗa kaɗai, don kada wuyan ya tsage saboda taurin da yawan matsewa ke jawowa. Gindi dole ya zauna da taurinsa na masana'anta, shi ke riƙe matsin da zai iya kai bar 4300 (bar ma'aunin matsi ne) a wannan harsashin. Maƙerin nan zai zuba su cikin gawayi ya hura zugazugi har su yi ja gaba ɗaya, ya goge su su yi sheƙi ya miƙo maka, alhali ya mayar da gindin laushi, kuma wuta ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya sirance, daga ina zai dawo? Ranar da ya fashe iskar zafin nan baya za ta biyo wajen idon mai harbi, rabin kwanson kuma ya maƙale a ciki, bindiga ta zama sanda ɓauna na zuwa. Wasu ma cewa suke a tsoma a ruwan sanyi zai yi tauri, wannan ga ƙarfen wuƙa ne, tagulla ba ta taurara da haka.

Dan Allah duk kwanson da suka sha harbi tare da wanda ya tsage a murƙushe su da filaya kada wani ya tsinta. Ka kuma ce wa maigida ya duba takardunsa, dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ba ta bar haɗa harsashi babu izini ba, kuma in zai fita ɓauna ya sa sabon harsashi na kamfani.